Inda maki ke zubewa a lissafin sakandare

Takardar lissafi ta biyu a jarrabawar WAEC tana da tambayoyi 13. Biyar na sashen farko dole ne, maki 40 ke kansu. A sashe na biyu akwai takwas, ɗalibi ya zaɓi biyar, maki 60. Awa biyu da rabi ake bayarwa, wato minti 150 a kan maki 100. Tambayar sashen farko mai maki 8 tana da minti 12 ke nan, ta sashe na biyu mai maki 12 kuma minti 18. Wanda ya share rabin awa a kan tambaya ɗaya ya ci bashin da ba zai iya biya ba kafin a ce a ajiye biro.

Yadda ake raba makin ma abin sani ne. Mai duba takarda ba amsar ƙarshe kaɗai yake nema ba. Akwai makin hanya, wanda ake yi wa alama da M, akwai makin daidaiton amsa, mai alamar A, kuma na biyun yana rataye ne a wuyan na farko. Ɗalibar da ta bi hanya daidai ta yi tuntuɓe a layin ƙarshe za ta kwashi yawancin makin. Wanda ya danna kalkuleta ya rubuta amsa tsirara, in ta karkace ko da kaɗan, ba shi da komai.

Abin da ke kayar da yawancin ɗalibai ba rashin haddace fomula ba ne. Fomula suna da ita a ka. Tambayar tirigonometiri tana farawa da zane, ta rikiɗe ta koma aljabara a layi na uku, ta ƙare a tarawa da rabawa irin na aji shida na firamare. A waɗannan mahaɗai ake faɗuwa. Shi ya sa gara a faro daga ƙasa.

Ƙananan abubuwan da ake rainawa

Ɗauki 10 − 3 + 2. Wanda ya haddace BODMAS, wato dokar abin da ake fara yi a lissafi, ya ɗauke ta harafi bayan harafi zai ce tarawa tana gaban ɗebewa, sai ya tara 3 da 2 ya sami 5, ya ɗebe daga 10, amsa 5. Kuskure ne. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama ake bin su: 10 − 3 = 7, sai 7 + 2 = 9. Haka ninkawa da rabawa, su ma tagwaye ne. 24 ÷ 4 × 2 ya zama 6 × 2, wato 12, ba 3 ba.

Sai alamar mainos, ɗan hakin da ke tsone ido. −3² da (−3)² ba abu ɗaya ba ne. Na farko yana nufin a ninka 3 da kansa sannan a sa masa mainos, −9. Na biyu yana nufin a ninka −3 da −3, a sami 9. Kalkuleta tana bin wannan doka sau da ƙafa, ba ta tambayar abin da kake nufi. A riƙe wannan, zai dawo.

A wajen tara kaso kuwa, 1/2 + 1/3 ba 2/5 ba ne. Ba sai an san doka ba ma kafin a gane: 2/5 bai kai rabi ba, to ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu? A nemo lambar ƙasa da 2 da 3 duk ke shiga cikinta, wato 6, sai a sami 3/6 + 2/6 = 5/6. Irin wannan tambayar ta "shin amsar nan ta yi kama da gaskiya?" ta fi kowace fomula amfani, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Inda gizo ke saƙa a wannan mataki shi ne riba da faɗuwa. A ce ɗan kasuwa ya sayar da kaya a kan ₦18,000, ya ci ribar kashi 20 cikin 100. Nawa ya saro su? Amsar da hannu ke saurin rubutawa ita ce a cire kashi 20 na 18,000, wato 3,600, a bar 14,400. Ba haka ba ne, domin riba a kan kuɗin sari ake lissafa ta, ba a kan kuɗin sayarwa ba. Kuɗin sari shi ne kashi 100, kuɗin sayarwa ya zama kashi 120. To in kashi 120 ne 18,000, kashi 100 zai zama 18,000 × 100 ÷ 120 = ₦15,000. A gwada: kashi 20 na 15,000 shi ne 3,000, a tara, 18,000 cif. A gwada ɗayar: kashi 20 na 14,400 shi ne 2,880, jimla 17,280, bai kai ba. Dalili ɗaya ne ya sa in farashi ya tashi da kashi 20 sannan ya sauka da kashi 20 ba ya komawa inda yake. Daga 100 ya je 120, kashi 20 na 120 kuma 24 ne, sai ya tsaya a 96.

Aljabara: ma'auni ne, ba tsallake ba

Sunan ya fito ne daga littafin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kan "al-jabr" da "al-muƙabala". Jabr a Larabci gyaran abin da ya karye ne, kamar ɗorin ƙashi: in an ɗebe abu a wani ɓangare, sai a ƙara shi a ɓangarorin biyu don a cike giɓin. Muƙabala kuwa fuskantar da ɓangarorin biyu ce a rage abin da suka yi tarayya a kai. Da kalmomi kawai ya yi bayaninsa, babu x babu y.

Wannan asali yana gyara wata ɗabi'a da ta zauna a ajujuwa, ta cewa "in lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama". Gajerar hanya ce, tana aiki a x + 5 = 9, amma ita ce ke sa ɗalibi ya ga 3x = 12 ya rubuta x = 12 − 3, ko x = 12 ÷ (−3). Babu abin da ke tsallakawa. Ikweshan tamkar sikeli ne mai faranti biyu: abin da aka yi wa hagu shi za a yi wa dama. A 3x = 12 an ninka x da 3 ne, maganinsa a raba ɓangarorin biyu da 3, x = 4.

Ga wata da ke yawan fitowa, a bi ta a hankali:

(x + 1)/2 − (x − 3)/3 = 2

Mataki na farko a kawar da lambobin ƙasa. A ninka kowane yanki da 6, har da 2 ɗin da ke zaune ita kaɗai a dama:

3(x + 1) − 2(x − 3) = 12

Yanzu a buɗe baka. −2 sau x ya ba da −2x, −2 sau −3 kuma +6:

3x + 3 − 2x + 6 = 12, wato x + 9 = 12, x = 3.

Ramuka biyu ne a wannan 'yar gajerar hanya. Wanda ya manta ya ninka 2 ɗin dama zai sami x + 9 = 2, ya fito da −7. Wanda ya rubuta −6 a maimakon +6 zai sami x − 3 = 12, ya fito da 15. Dukansu biyu za su kama kansu da sun mayar da amsar cikin tambaya. Da x = 3: 4/2 − 0/3 = 2, ya yi. Da x = 15: 16/2 − 12/3 = 8 − 4 = 4, bai yi ba. Gwajin bai kai daƙiƙa talatin ba. Layin rabawa, wannan dogon layin da ke tsakanin sama da ƙasa, baka ce a ɓoye. Da zarar an cire shi dole a maye gurbinsa da baka ta zahiri, in ba haka ba mainos ɗin da ke gabansa zai taɓa x kawai ya bar 3.

Soke-soke ma yana cin maki. A (x + 6)/6 ba a soke 6 da 6 a bar x. A sa x = 6 a gani: 12/6 = 2, ba 6 ba. Ana soke abin da ya ninka dukkan sama da dukkan ƙasa ne kawai, ba abin da aka tara ba. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ɗaukar (a + b)² a matsayin a² + b². Da 3 da 4: na farko 49, na biyu 25. Ratar 24 ɗin ita ce 2ab da aka jefar. Ta baya ma haka ne, √(9 + 16) biyar ne, ba 3 + 4 ba.

Akwai kuma soke x kanta. In aka ba da x² = 5x, hannu yana ƙaiƙayin raba ɓangarorin biyu da x a sami x = 5. An yar da rabin amsa ke nan, domin x = 0 ma tana warware ta, kuma ba a raba abu da sifili. Daidai shi ne a kawo komai gefe ɗaya: x² − 5x = 0, x(x − 5) = 0, x = 0 ko x = 5.

Tambayar kwadiratik, wato ikweshan mai x², takan zo a lulluɓe cikin labari. Fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girman shimfiɗarsa sikwaya mita 84. Layin farko da ya kamata a rubuta shi ne "bari faɗi ya zama x", domin yawancin ruɗewa daga rashin faɗin me x ke nufi take farawa. Tsawo x + 5 ke nan, sai x(x + 5) = 84, wato x² + 5x − 84 = 0. Ana neman lambobi biyu da in an ninka su za a sami −84, in an tara su a sami 5: su ne 12 da −7. Saboda haka (x + 12)(x − 7) = 0, x = −12 ko 7. Fili ba ya da faɗin mainos, sai a rubuta cewa an ajiye −12 saboda wannan dalili. Faɗi mita 7, tsawo mita 12. In tambayar ta ce a nemo kewayen filin, x = 7 ba ita ce amsa ba, amsa mita 38 ce. A sake karanta layin ƙarshe na tambaya kafin a ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

In lambobin suka ƙi fasuwa cikin sauƙi sai a koma ga fomula, x = [−b ± √(b² − 4ac)] ÷ 2a. A ɗauki 2x² − 7x − 4 = 0. A fara da rubuta a = 2, b = −7, c = −4, kowanne da alamarsa. Sai b² − 4ac = (−7)² − 4(2)(−4) = 49 + 32 = 81, tushensa 9. Sannan −b shi ne +7. x = (7 + 9)/4 = 4, ko x = (7 − 9)/4 = −1/2. Ga inda batun −3² ya dawo: wanda ya danna −7² ba tare da baka ba zai sami −49, ya tara 32 ya sami −17, kalkuleta ta ƙi ba shi tushe, ya zauna yana zargin tambayar. Akwai gwaji mai sauri: jimlar amsoshin biyu dole ta zama −b/a, ninkinsu kuma c/a. A nan 4 − 1/2 = 7/2, kuma 4 × (−1/2) = −2. Duka sun dace.

Ikweshan biyu masu tafiya tare ba su da wahala in an jera su da kyau. Littafin rubutu 3 da biro 2 sun kama ₦1,300, littafi 5 da biro 4 sun kama ₦2,300. In x kuɗin littafi ne, y kuɗin biro, a ninka ta farko da 2, 6x + 4y = 2,600, a ɗebe ta biyu, x = 300, y = 200. A gwada a ikweshan da ba a yi amfani da ita wajen nemo y ba. Sai alamar "ya fi" da "bai kai ba": in aka raba ko aka ninka da lamba mai mainos, bakin alamar yana juyawa. −2x > 6 ya zama x < −3.

Tirigonometiri: zane kafin fomula

Sain, kosain da tanjan ba wasu abubuwan sihiri ba ne, rabon gefe da gefe ne a alwatika mai kusurwar digiri 90. Dogon gefe shi ne wanda ke fuskantar digiri 90, ba ya canzawa. Sauran biyun kuwa sunansu ya dogara da kusurwar da ake magana a kai: ɗaya yana fuskantarta, ɗaya maƙwabcinta ne. Sain shi ne mai fuskanta a raba da dogon gefe, kosain maƙwabci a raba da dogon gefe, tanjan mai fuskanta a raba da maƙwabci. SOHCAHTOA da ake rerawa a aji wannan kawai take faɗi. Ba ta gaya maka wane gefe ne wane, kuma in ka koma ɗaya kusurwar, mai fuskanta da maƙwabci sun yi musayar suna.

Kalmar sain tana da dangi a Hausa. Masanan Indiya suna kiran abin jiva, Larabawa suka ara suka rubuta ba wasali, daga baya aka karanta shi jaib, wato aljihu ko wuyan riga, masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka sa sinus mai irin wannan ma'ana. Daga al-jaib ɗin nan Hausa ta sami aljihu.

Kafin a taɓa kowace tambaya, a danna sin 30 a kalkuleta. In ta ba da 0.5, tana kan digiri. In ta ba da −0.988 tana kan radiyan, in 0.454 ce tana kan giradiyan (su ma ma'aunan kusurwa ne, amma ba digiri ba), kuma duk amsar da za ta biyo baya ɓatacciya ce komai kyan hanyar. Kalkuletar aro ta fi yin wannan cuta.

Kusurwoyin 30, 45 da 60 ba sa buƙatar kalkuleta ko littafin fo-figa, wato littafin jadawalin lissafi. A zana alwatika mai gefe uku daidai, kowanne 2, a tsaga ta biyu daga sama: an sami gefuna 1, √3 da 2, da kusurwoyi 30 da 60. A zana sikwaya mai gefe 1 a yanka ta daga kusurwa zuwa kusurwa: 1, 1 da √2, kusurwa 45. Daga waɗannan zane biyu duk jadawalin yake fitowa, sin 30° = 1/2, tan 60° = √3, cos 45° = 1/√2. Wanda ya iya zana su a gefen takarda ya fi wanda ya haddace jadawali kwanciyar hankali, musamman in tambaya ta ce a bar amsa da alamar tushe.

Mai sauƙi tukuna. Mutum yana tsaye mita 20 daga gindin hasumiya, ya ɗaga kai ya hango ƙololuwarta a kusurwar 35°, idonsa kuma mita 1.5 daga ƙasa. Tsayin da ke sama da idonsa shi ne 20 × tan 35° = 20 × 0.7002 = 14.0. Hasumiyar mita 15.5 ce, domin alwatikar daga ido ta fara, ba daga tafin ƙafa ba. Kusurwar ɗaga kai da ta sunkuyar da kai duk daga layin kwance ake auna su. Wanda ke kan bene yana kallon mota a ƙasa a kusurwar 25°, wannan 25° tana tsakanin layin kwancen idonsa da layin kallonsa ne, ba tsakanin bango da layin kallo ba. In aka sa ta a jikin bango an mayar da 25° ta zama 65°.

Yanzu ga wadda ta haɗa komai. Daga wani wuri A, ana hango kan dogon ƙarfen sadarwa a kusurwar 28°. Aka matsa mita 50 kai tsaye zuwa wajensa, wuri B, kusurwar ta zama 41°. A nemo tsayinsa, ba tare da la'akari da tsayin mai kallo ba.

Zane: layi a kwance, ƙarfen a tsaye a ƙarshensa da tsayi h, B tana nesa da gindinsa da x, A tana bayan B da mita 50. Babbar kusurwa a wuri mafi kusa take zama. In zanenka ya sa 41° a A, tun nan an ɓata. Alwatika biyu ne masu tsayi ɗaya:

h = x tan 41°, kuma h = (x + 50) tan 28°

Tirigonometirin ya ƙare a nan. Saura aljabara. Tunda h ɗaya ce:

0.8693x = 0.5317(x + 50)
0.8693x = 0.5317x + 26.585
0.3376x = 26.585
x = 78.75

Sai h = 78.75 × 0.8693 = 68.46, wato kimanin mita 68.5.

Kuskuren aljabara da ke jira a nan shi ne a ninka 0.5317 da x a manta da 50. Amma wanda ya fi ɓarna a ɓoye shi ne gutsure lambobi tun da wuri. A ce ɗalibi ya ga 0.8693 da 0.5317 sun yi masa tsawo, ya mayar da su 0.87 da 0.53. Zai sami 0.34x = 26.5, x = 77.94, h = 67.8. Ya kauce, makin amsa ya tafi. In kuwa ya mayar da su 0.9 da 0.5, x ta zama 62.5, h ta zama 56.25: ƙarfen ya rage tsawo da fiye da mita 12. Dalilin shi ne an ɗebe lambobi biyu masu kusanci da juna, abin da ya rage ƙarami ne, sannan aka raba da shi. Ɗan kuskure a cikin ƙaramar lambar ƙasa yana kumbura a amsa. Dokar aiki: a riƙe aƙalla lambobi huɗu har layin ƙarshe, a can kaɗai ake gutsurewa zuwa yadda tambaya ta nema.

Tambayar biyarin, wato auna alkibla daga arewa, ita ce ɗalibai da yawa ke tsallakewa a sashe na biyu, alhali tsarinta ɗaya ne kullum. Ana aunawa daga arewa, a juya yadda hannun agogo ke tafiya, a rubuta da lamba uku: gabas 090°, kudu 180°, yamma 270°. A ce mota ta tashi daga A ta yi kilomita 8 a kan 040° zuwa B, sannan ta yi kilomita 6 a kan 160° zuwa C. Ana neman nisan C daga A da alkiblarta.

Sirrin shi ne a zana sabon layin arewa a kowane wurin da aka juya. Abin da ake nema da farko shi ne kusurwar da ke cikin alwatika a B. In daga A zuwa B 040° ne, daga B komawa A 040° + 180° = 220° ne. Hanyar C kuma 160°. Tsakaninsu 220° − 160° = 60°. Yanzu akwai gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, babu digiri 90, don haka dokar kosain ce:

AC² = 8² + 6² − 2(8)(6) cos 60° = 100 − 96 × 0.5 = 100 − 48 = 52

AC = √52 = kilomita 7.21.

A duba wannan layi da kyau, domin nan ne lissafin firamare ke rama raini. Ɗalibi yakan ga 100 − 96 × 0.5 ya fara ɗebewa, ya sami 4 × 0.5 = 2, ya ce AC kilomita 1.41 ce. Ninkawa tana gaban ɗebewa, 96 na manne da kosain. Hankali ma zai ƙi amsar: a kowace alwatika gefe ɗaya ba ya kasa bambancin sauran biyun, kuma 8 − 6 = 2 ya fi 1.41. Wani kuma yakan tsaya a 52 ya manta da ɗaukar tushe.

Don alkibla, a nemo kusurwar A da dokar sain: sin A ÷ 6 = sin 60° ÷ 7.211, sin A = 0.7206, A = 46.1°. Wannan kusurwar cikin alwatika ce, ba biyarin ba. Tunda C tana dama da layin AB, a tara ta a kan 040°: amsa 086°. Zane mai ɗan kama da gaskiya zai nuna C kusan gabas da A, abin da ya dace da 086°.

In kusurwa ta wuce 90°, kosain ɗinta mainos ne, sai ɗebewa ta koma tarawa. Gefuna 5 da 7 da kusurwar 120° a tsakani: 25 + 49 − 70(−0.5) = 74 + 35 = 109, gefe na uku 10.44. Wanda ya yar da mainos zai sami 39, tushensa 6.24, gefen da ke fuskantar kusurwa mafi girma ya zama bai kai 7 ba, abin da ba ya yiwuwa.

Alamar sin ba lamba ba ce da ake ninkawa, shi ya sa ba a buɗe mata baka. sin(30° + 60°) shi ne sin 90° = 1, amma sin 30° + sin 60° ya kai 1.366, alhali sain ba ta taɓa wuce 1. Duk lokacin da aiki ya kai ka ga sin θ = 1.2 ko cos θ = −3 (θ ita ce kusurwar da ake nema), kada ka matsa wa kalkuleta, koma baya ka nemi inda aka juya sama da ƙasa.

Kalkuleta tana da wata rowa kuma: amsa ɗaya take bayarwa. In aka ce sin θ = 0.5 tsakanin 0° da 360°, za ta ce 30° ta yi shiru. Amma sain tana da alamar tarawa a rubu'in farko da na biyu na da'ira, don haka 180° − 30° = 150° ma amsa ce. Kosain tana da ita a rubu'in farko da na huɗu, abokiyar θ ita ce 360° − θ. Tanjan a na farko da na uku, 180° + θ.

A gwada da 2 sin²θ = sin θ, θ daga 0° zuwa 360°. Wannan x² = 5x ce ta sake riga. Wanda ya raba da sin θ zai sami sin θ = 1/2, kalkuleta ta ba shi 30°, ya rufe shafi da amsa ɗaya. A kawo komai hagu: sin θ(2 sin θ − 1) = 0. Ko dai sin θ = 0, wanda ya ba da 0°, 180° da 360°, ko sin θ = 1/2, wanda ya ba da 30° da 150°. Amsoshi biyar ne: 0°, 30°, 150°, 180° da 360°.